Bakin Zane

A wani kwari na arewacin Ingila, inda ruwa ba ya gajiya da zuba,
inda bututun masaƙu suka daina hayaƙi tun tuni,
Edna Holroyd na zaune bakin taga
da tsohon ƙamus a cinya, nauyinsa kamar na jariri.
Na mijinta ne. Shi ya tafi, ƙamus ya zauna.

Jikanta Declan ya shigo jiƙe sharkaf,
ya ɗaga waya, ya karkata wuya, ya ɗauki hoton kansa.
Ta leƙo shi ta saman tabarau:

"Yaro, kalmar nan da kuka mayar abin wasa
ta girmi cocin da aka raɗa mini suna.
Self. Kun ɗauka nufinta ni kaɗai.
Kakannin kakanninmu in sun furta ta
cewa suke: shi ɗin dai, wannan ɗin, ba wani ba.
Ranar nan dai, hanyar nan dai, rijiyar da kowa ya sha.
Kalmar kama ce
kafin ta zama kalmar keɓewa."

Ya ce, "Kaka, shayinki ya huce."

Ba ta ji ba, ko ta ƙi ji.
Ta lashi yatsa, ta juya shafi mai launin ganyen taba.

"Dubi selfish, wato son kai. Yarinya ce ƙarama,
ba ta cika shekara ɗari huɗu ba.
Kafin a haife ta ana cin rabon ɗan'uwa
a share baki, ba sunan da za a jefe ka da shi.
Cuta ta riga sunanta shiga gari.

Ga self-conscious kuma.
Yau mai jin nauyin ido ake nufi,
wanda ya rasa inda zai ajiye hannunsa a taro.
Da kuwa mai sanin abin da ya aikata ne,
shaida a kan kansa ko ɗaki babu kowa.
Idon yana ciki a da.
Ban san ranar da ya fita waje ba.

Har harafin nan guda da muke cewa ni,
tsaye ƙiƙam kamar turken fitila,
da can gajere ne, da ɗan abokin tafiya a bayansa,
yana zaune cikin layi kamar kowa.
An ce da ya rage shi kaɗai
masu rubutu suka ji tsoron zai ɓace a takarda,
suka ƙara masa tsawo.
Ka ji asalin girman kai: tsoron ɓacewa."

Sai ta miƙe, gwiwa na ƙara,
ta ciro ƙyallen ulu daga akwati,
na ƙarshe da ta saƙa kafin a garƙame ƙofar masaƙa.

"Taɓa nan. A'a, gefen.
Selvedge muke ce masa, bakin da ya rufe kansa.
Ba kalmasa, ba allura.
Zare ya kai ƙarshe, ya juyo, ya koma cikin 'yan'uwansa.
Shekara talatin da ɗaya ina tsaye gaban inji,
kunne ya tafi, wannan ya rage:
zaren da ya ƙi juyowa
shi ke fara warware zane."

Declan ya bi gefen da ɗan yatsa.
Wayar ta yi gurnani a aljihu, ya ƙyale ta.
Can ya ciro ta, ya durƙusa jikin kujera,
ya kai kuncinsa kusa da nata.
Haske ya ƙifta.

Ta karɓa, ta nesanta da ido, ta matso da ita.
Hanci guda. Haɓa guda.
Girar hagu ɗin nan mai taurin kai
da ta gada wajen ubanta.

"To," in ji ta, tana laluben kofin da ya huce,
"yau dai ka faɗi kalmar daidai."